Mangwaron Inna Ya Rasa Kotu

Zuwa ga Malam mai filin shawara,

Bayan gaisuwa mai yawa, don Allah Malam ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni tela ne a babbar kasuwar Kaduna, gidana yana Kurmin Mashi. Na haura hamsin ban taɓa taka ƙofar kotu ba sai bana. Bana kuwa na taka har uku, ba wadda ta yarda ta saurare ni.

Ina da 'yar gona a hanyar Rigasa. A bakinta akwai wani mangwaro, ko in ce dā akwai. Mahaifiyata ce ta shuka shi da hannunta shekarar da muka taso daga Zariya, ta riƙa ɗebo ruwan rafi a tulu tana ba shi, ta rasu bai fara 'ya'ya ba. Ba wani mangwaron kirki ba ne, mai zare ne, ko yara sai sun rasa na sata suke waiwayarsa. Amma duk ranar da na je gona a gindinsa nake sallar azahar, in yi wa Inna addu'a.

Ina da amini, Datti, direban lori ne wajen wani ɗan kwangila. Bayan rasuwar Inna muka san juna, ya kawo mini ɗinkin jamfa, shi ke nan muka ƙulle. Ɗana Nura ma 'yarsa Larai yake nema, an kai gaisuwa, saura sa rana. Kafin damina na roƙi Datti ya kai mini taki gona, ya ce ba komai, ko man mota bai karɓa ba. Wajen juyawa da baya sai ya daki mangwaron, ya karye daga gindi. Da ya sauko ya duba, sai ya fashe da dariya. Wai ai gara ta riga ta gama aikinta a ciki, shi taimaka mata kawai ya yi, kuma ga itacen girkin biki ya samu a sauƙaƙe. Malam, dariyar nan har yau ina jin ta a kunnena. Washegari na rufe keken ɗinkina na tafi kotu, kuma duk wadda na shiga sai na fara ba su labarin Inna da mangwaronta.

Na fara da alƙalin nan cikin gari. Ya tambayi inda itacen yake, na kwatanta. Ya ce tun da aka ware Kaduna daga ƙasar Zazzau bara, iyaka ta bi ta wajen nan, a je a dubo. Aka dubo, aka ce rassan sun faɗo ɓangaren Kaduna, amma kututturen yana ƙasar Zazzau, saboda haka ba huruminsa ba ne. Na tafi garin hakimi wajen alƙalin gunduma. Aka ce ya fita rangadi. Muhutinsa, wato magatakardan kotun, da ya ji kalmar lori sai ya ce a ganinsa maganar mota ta majistare ce, ga shi kuma wanda nake ƙara mazaunin Kaduna ne. Na dawo Kaduna kotun majistare, akawu ya ce motar ba a kan titin gwamnati ta yi ɓarna ba, a gona ce, maganar gona da itace kuwa ta alƙali ce. Na ce wane alƙalin? Ya ce in tambayi kututturen.

Kada in ɓoye maka, duk zirga-zirgar nan a lorin Datti nake yin ta, tunda hanyarsa ce ta ɗebo tsakuwa. Yana tsayawa ƙofar gidana ya yi oda, in shiga gaba, ba na ce masa komai sai gaisuwa. Shi kuwa ya fasa goro ya miƙo mini rabi, yana tambayata wace kotu za mu yau.

A gida ba daɗi. Maiɗakina Uwani ta ce ita ba ta taɓa jin wanda ya kai surukinsa ƙara tun ba a ɗaura aure ba. Nura ya daina cin abinci tare da ni, ya rame, in yana taya ni aiki sai ya ɗinka hannun riga a wuya. Gidan su Larai sun yi shiru da maganar sa rana. Ni ba kuɗin Datti nake so ba. So nake wani mai rawani ya dube shi ya ce masa bai kyauta ba. Malam, wace kotu ce tawa?

Naka,
Mai Mangwaro, Kurmin Mashi

Malam Mai Mangwaro,

Na daɗe ina wannan fili, amma kai ne mai ƙara na farko da na ji wanda ake ƙara yana kai shi kotu a gaban mota, har da goro. Allah ya jiƙan Inna, ya sa inuwar da ta shuka ta same ta a makwancinta.

Ba wulaƙanta ka aka yi ba. Kowace kotu tana da hurumi, wato iyakar da doka ta shata mata, kuma kafin alƙali ya ji wa ke da gaskiya sai ya fara tabbatar da cewa maganar tasa ce. Yakan duba inda abin ya faru, ya duba su wane ne masu shari'ar, ya duba irin maganar. In ya yi hukunci a abin da ba nasa ba, kotun gaba za ta rushe, ku koma inda kuka fara. Kai ma in an kawo maka takalmi ya yage, dukawa kake nuna wa mai shi, ko da kuwa kana da allura.

Na tambayi wani tsohon ma'aikacin kotu. Ya ce ɓarnar da aka yi a gona tana bin gonar ne. Itace inda saiwarsa take nan ne garinsa, ko ina ya kwanta. Don haka ƙofarka ita ce ta alƙalin gunduma. Ka bari ya dawo daga rangadi ka gan shi da kansa, ka tafi da dagacin wurin ya shaida gonar a ƙasarsa take. Zaman Datti a Kaduna ba ya hana komai, ana iya aiko masa da sammaci ta hannun kotun gari.

To amma ka san abin da za ka tarar. Alƙali zai tambayi wanda ya kira motar, kai ne. Zai tambayi ladan da aka biya, babu. Zai sa a duba cikin itacen, a ga gara. In ka yi sa'a a ƙiyasta maka 'yar diyya, wadda ka ce ba ka so. Dariya kuwa, na bincika, babu kotun da ke da huruminta daga nan har Ikko.

Datti bai kyauta ba. Wanda ya karya abin wani, ko tsinke ne, haƙuri yake fara bayarwa kafin raha. Sai dai na karanta takardarka sau biyu, ban ga inda ka gaya masa wanda ya shuka itacen ba. Kai da bakinka ka ce bai san Inna ba. Ka ba alƙali labarinta, ka ba muhuti, ka ba akawu, yanzu ka ba duk masu karanta jaridar nan, sai mutum ɗaya da ya kamata ya ji ka bari a duhu. Shi a ganinsa tsohon mangwaro mai zare kake wa wannan fushi, shi ya sa har yanzu yake zaton wasa ne. Nura da Larai kuma ba su tuƙa mota ba, ba su yi dariya ba, bai kamata su ne za su ɗauki hukuncin ba.

Gobe in ya yi oda a ƙofarka, ka ce ya kashe mota ya shigo zaure. Ka gaya masa wadda ta ɗebo ruwa a tulu, da abin da kake yi a gindin itacen. Ba sai ka ƙara komai ba. Ina kyautata zaton za ka ji abin da kake nema daga bakinsa, ba rawani ba sammaci. In kuwa ya sake yin dariya, aiko mini, ni da kaina zan raka ka wajen alƙalin gunduma, da ƙafa.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa albarka a auren yaran nan. Ka gai da Uwani, ka ce mata ta fi mu duka sanin shari'a.

Malam Inuwa