Wanda ya raba ni da giya shi ya tona mini asiri

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Zagin kaina da nake yi ma ya ishe ni.

Ni mutumin Gummi ne, noman shinkafa nake yi. Lokacin da ake rububin zinare a Bagega na bi abokai muka tafi haƙa, a can na koyi shan giya. A robar ruwa ake kawo ta, fara tas. Da farko cewa nake maganin gajiya ce ga wanda ya wuni cikin rami. Zinaren ban samo ba, da ita na dawo gida, a jihar da in an kama ka bulala ce a gaban jama'a. Ga Inna kullum tana sa mini albarka, wai ni ne mai hankalin 'ya'yanta. Kun san yadda mutum ke ji ana sa masa albarka yana kau da baki kada a ji wari? Na yi rantsuwa na karya, na sha rubutu na koma. Na taɓa ji a rediyo wai a wasu ƙasashe masu son dainawa suna taruwa su taimaki juna. To a nan wa zan tambaya? In tsaya ƙofar masallaci in ce ina mashaya ke taro?

Sai Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran injin ban-ruwa, bari in kira shi Kawu. Ya zo duba mini inji a fadama, ya ga hannuna na rawa, ya ce, "Ɗana, wagga rawar hannu na san ta, ni ma na yi ta. Ran Alhamis bayan la'asar ka taho gonata, akwai gayya." Na tafi da fartanya a kafaɗa kamar wawa, na tarar da 'yan mutane zaune a gindin mangwaro, ba mai noma ko kunya ɗaya. Ashe gayya sunan da masu son daina sha suka laƙaba wa zamansu ne, don duk wanda ya ji ya ɗauka aikin gona ne. Kowa ya faɗi yadda satinsa ya wuce, wanda ya zame a ɗaga shi. Doka ɗaya ce, kuma Kawu ne ya kafa ta: abin da aka faɗa a gayya amana ne, ba ya shiga gari. A nan na yi kukan da ban taɓa yi ba. Damina biyu ke nan ban sa ta a bakina ba.

Da na ga na dawo mutum, na nemi auren wata malamar firamare. Muna son juna, magana ta je ga manya, suka ce za su yi bincike yadda aka saba. Hankalina kwance, don wa ya sani? Ran nan na tsuguna na gaida baffanta a kasuwa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka tai ka gama gayyarka tukun." Wannan ma'anar gayya ba mai saninta sai mu.

Na wuce shagon Kawu kai tsaye. Ko musu bai yi ba. Na ce, "Kawu, ina amanar da kac ce?" Ya ajiye sifana ya ce, "Baffanta yaz zo bincike, gama ni da Allah yay yi, ɗana. Yac ce in ɗiyata ce, mi nika so a hwaɗa min? Na hwaɗa mai ka bari, ka shiryu. Wannan ne ba su riƙe ba." Haba Kawu! Ba za ka ce su tambaye ni da kaina ba? Ba za ka fara zuwa wurina ba? Kai ka koya mini buɗe cikina, sannan ka kwashe ka kai kasuwa? Na sani, ni ya kamata in faɗa mata tun farko, tsoro ya hana ni, kuma ina jin kunyar haka. Amma sirrina ne, ni ke da hakkin faɗa.

An fasa auren. Inna ta ji a gidan suna, ta dawo ba ta yi faɗa ba, ta dai daina kallon idona.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Shekaranjiya na hau babur na yi nisa da gari na sayo roba ɗaya. Tana cikin buhun shinkafa a ɗakina, ban buɗe ba. Duk ƙasar nan ban san wani wurin da ake irin wannan zama ba, kuma na san kaina, ni kaɗai ba zan iya ba. Ɗazu Kawu ya turo mini saƙo a waya: "Gobe akwai gayya." In na je, gaban wanda ya ci amanata zan zauna in sake buɗe cikina. In ban je ba, na san wa ke jirana a cikin buhu.

Jama'a, gobe Alhamis. Me zan yi?