Wushiryar Safara'u

Litinin, 2 ga Yuni, 1997
Umaima na so a rufe mata wushirya. 'Yata, da bakinta ta faɗa, tana goge takalmin zuwa ofis. Abin da wasu mata ke zuwa a fiƙe musu haƙora don su samu, ita ta gada daga uwarta, wai a toshe. Abuja ke nan. Shekara ashirin da shida na yi wa gwamnati, aka sallame ni da takarda mai layi uku. Yanzu kuma an zo kan bakin 'yata.

Alhamis, 5 ga Yuni
Na raka ta wurin likitan haƙori, wani Dakta Akinola. Hanya biyu ya ba mu: waya da ake ɗaurewa a haƙora, ko wata 'yar roba garai-garai, ana sawa ana cirewa. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Baba, waya ba ta wasa. Roba kuwa, in yarinya ta manta kwana biyu, haƙori ya koma gidansu."

Na zaɓi roba. Na ce mata waya za ta mai da bakinta kamar kejin kaji. Ta yarda.

Gaskiyar kuwa, na san 'yata da mantuwa. Laima uku ta bari a mota bana.

Asabar, 14 ga Yuni
Gajimare ya sauko ya rufe kan dutsen Zuma tun hantsi. Na gyangyaɗa a kujera bayan azahar, sai ga matata Safara'u a gidanmu na Zariya, amarya, tana kuskure baki tana tsarto ruwa ta wushiryar, siriri, har gindin gwanda. Ta yi dariya, wushiryar ta yi ta buɗewa har ta zama ƙofa. Na sunkuya na shiga. Ɗakinmu ne a ciki, da ƙanshin turarenta.

Shekara tara da rasuwarta. Hoto ɗaya gare ni, a cikinsa ma bakinta a rufe.

Talata, 24 ga Yuni
Umaima ba ta manta da robar ba ko sau ɗaya.

Lahadi, 29 ga Yuni
Ta cire za ta ci tuwo, ta ajiye a kofi. Na ɗauka na sa a bayan littattafaina. Mutum mai digiri. Ta birkice gidan nan, har kwata ta leƙa. Ni ina karanta jaridar makon jiya.

Laraba, 2 ga Yuli
Ba ta tuhume ni ba. Ta kawo mini shayi, ta zauna a bakin tabarma.

"Baba, ka san duk wanda na yi wa dariya a unguwar nan ta Bagama sai ya ce Allah ya jiƙan Safara'u? Ko ranar da na samu aiki. Ni fa ina nan."

Na ce shayin ya yi sukari.

Da ta fita na mayar da abin cikin kofi.

Juma'a, 1 ga Agusta
Wushiryar ta fara matsewa. Tsinken ashana ba zai shiga ba yanzu. Ɗazu rediyo ya ba ta dariya, na ɗago don in ga abin da na saba gani, sai na ga wata yarinya mai ɗan lotsawa a kumatun hagu. Tun yaushe take da shi?

Litinin, 18 ga Agusta
Ta makara, ta fita a guje, ta bar robar a kofi. Wannan karon da gaske.

Na daɗe ina kallon kofin. Na dai ga ina bukatar miƙe ƙafa. Yayyafi ake, na same ta a tasha, motar Abuja saura mutum ɗaya ta cika. Na miƙa mata ta taga, a naɗe cikin hankici.

"Baba! Da silifas ka zo?"

Na ce, "Sa abinki, kwana biyu likita ya ce."