Soron Inna

Mabera, Sakkwato
Mayu, 1978

Yaya Junaidu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Ikko, yaya aiki, yaya iyalinka? Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya hana ko kaji fita tsakar gida.

Maganar soron Inna ce ta sa na rubuto. Jiya na je tsohon gidanmu na Hubbare, na hau bisa na duba. Rufin ya tsattsage, indararo duk sun toshe. Ka tuna zamanin Baba? Kowace bazara sai an jiƙa makuba, Malam Abdulwahabu magini ya zo da mutanensa su yaɓe rufin. Mu muna ƙasa muna tattaka laka, kai kuwa, sarkin gudun aiki, ka laɓe a zaure wai karatu kake. Inna ta dama fura a babbar ƙwarya, a sha har da maƙwabta.

Tun shekarun fari anka bar yaɓe. Wa zai zuba ruwa kan soro lokacin da ake kwana a layin rijiya, Buzaye na shigowa gari ba ko akuya? Kowa a unguwa ya ce rufi ya huta, tunda sama ta ƙi zubarwa. Fari ya wuce, yaɓe bai dawo ba. Na nemi Malam Abdulwahabu, na iske tsufa ya zaunar da shi, yaransa duk sun bi 'yan kwangila aikin siminti. Ba mai son taɓa laka yanzu.

Na roƙi Inna ta dawo wurina kafin ruwa ya sauka. Ta ce ɗakin da anka kawo ta amarya, daga nan za a fitar da ita. Ka dai san Inna.

A gaida mutanen gida.
Ƙanwarka, Sadiyatu

Mabera, Sakkwato
Yuli, 1978

Yaya Junaidu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Takardarka ta iso. Wai in lallashe ta! Kai da ke can nesa, faɗa ba ta yi maka wuya.

Ruwan da munka yi shekaru muna roƙo, bana ya zo gaba ɗaya. Gulbin Rima ya cika ya shanye fadama, manoman shinkafa da sunka yi kukan fari yanzu kukan ambaliya suke. Ɗakin Inna ya fara yoyo, ta jera tasoshi ko'ina tana tarar ruwa, azarorin sun yi baƙi sun lanƙwasa. Ni da maigidana Muntari munka sa ta gaba, sai da na yi mata kuka sannan ta yarda. Sharaɗinta ɗaya ne: da an ɗauke ruwa za ta koma. Na yi mata alkawari.

Yanzu tana nan tana faɗa da rufin kwanonmu. Wai kamar ana daka a kanta, wai gidan zamani ko ƙanshin damina ba shi da shi. Ina yi mata dariya, amma gaskiyarta. Ni ma ina kewar ɗakin nan, yadda ruwa ke sauka bisa soro a hankali, sanyin ƙasa na tasowa, muna kwance jikinta tana yi mana tatsuniya.

Allah ya kai mu ƙarshen damina lafiya.
Ƙanwarka, Sadiyatu

Mabera, Sakkwato
Satumba, 1978

Yaya,

Ina gaishe ka, da fatan kuna lafiya.

Soron ya faɗi. An wuni ana ruwa, bayan azahar maƙwabta sunka ji rugugi. Ba mu kaɗai ba ne, gidaje da dama sun rushe a unguwar, duk irin namu da ba a yaɓe ba. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Muntari ya tono abin da ya tonu, ɗan jerenta da gadon, ya ajiye a gidan maƙwabta.

Inna ba ta sani ba. Na hana kowa faɗa mata, ni ma bakina ya kasa. Ta ga hadari ya fara ja da baya, ta ƙulle kayanta tsaf. Shekaranjiya ta miƙo mini sabuwar tsintsiya, ta ce in je in share mata ɗakin in buɗe ƙofa ya sha iska. Na karɓa, Yaya. Na je na zauna kan tudun ƙasar nan da anka haife mu ciki, na yi kuka na ƙoshi, na dawo na ce mata na share. Ta sa mini albarka.

Kada ka rubuto ka ce za mu gina mata na siminti, ba shi take so ba. Don Allah, don darajar Baba, ka ɗauki hutu ka zo. Kai ne babba, ka zauna gabanta ka faɗa mata, ni in riƙe mata hannu. Kada ka yi jinkiri, ta ce ranar Juma'a mai zuwa za ta koma gida.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Sadiyatu