Awa Huɗu a Takarda, Sha Ɗaya a Sama

Litinin, 3 ga Maris

Tikiti ya zo! 'Yata Auta ta turo ta waya, na sa an buga min a takarda, don ni sai na riƙe abu nake yarda. Tashi goma na safe, sauka biyu na rana. Awa huɗu kacal zuwa garin da take aure, nisan da aka ce ya haura kilomita dubu tara. Shekara talatin ina jan babbar mota, a awa huɗu ko injin bai gama ɗumi ba. Zan ga jikana ido da ido. Shekararsa uku, "Kakan waya" yake ce min.

Laraba, 5 ga Maris

Na nuna wa mai faci takardar, bakina har kunne. Ya ce, "Kai da ko motar haya ka shiga sai ka koya wa direba aiki?" Na ce awa huɗu ai ko kan ƙusa na zauna.

Gaskiyarsa dai. Ban taɓa runtsawa wani na tuƙa ni ba. Ƙafata kullum tana laluben birki.

Alhamis, 6 ga Maris

Auta ta yi min dariya har da tari. Wai agogonsu yana bayan namu da awa bakwai, biyun da na gani tasu ce. "Baba, awa sha ɗaya za ka yi a sama." Ni da na saba ɗebe lokacin tashi daga na isowa! Sha ɗaya, a hannun direban da ban ga ƙwayar idonsa ba, ban kuma shuri tayarsa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na ce a mayar da tikitin. Auta ta ce, "To, Baba. Ba zan ƙara roƙo ba." Na jiyo yaron yana tambaya yaushe Kaka zai fito daga cikin waya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Lahadi, 9 ga Maris

Maman yara tana ninke kayana kamar ba ta ji na fasa ba. Ta ce, "Shekara talatin muna miƙa ka ga Allah muna kwanciya. Kai ma ɗanɗana ka ji."

Litinin, 10 ga Maris

Tikiti yana nan. Na sayo wa yaron 'yar babbar mota ja, sai da na duba tayoyinta ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 15 ga Maris

Na iso! Da jirgin ya ɗauki gudu na taka birki iya ƙarfina, babu. Sai ga gari ya koma kamar tabarma, gajimare a ƙarƙashina, rana kuma ta ƙi faɗuwa, muna tafe tana biye. Daɗi ya kama ni kamar yaro. Na gefena ya ce na yi minshari. Ƙarya ne, ido na hutar.

Auta ce ta ɗauko ni da motarta. Na zauna baya, yaron a cinyata yana jan gemuna ya ga ko na gaske ne. Da muka tsaya ƙofar gida ta ce, "Baba, yau ba ka ce komai kan tuƙina ba." Na ce na gaji ne.

Ko hanyar da muka biyo ban gani ba.