Ranar da Na Sunkuyar da Kai

Zuwa ga hasken idona, ruwan sanyina a tsakar rana, tauraruwar da ba ta buƙatar murya kafin a ɗaga kai a dube ta,

Wayyo ni! Tun ranar da kika juya min baya a ƙofar shagon ɗinkinku, abinci ya daina yi min daɗi. Kin tuna? Na zo da maganar hannun da na haddace daga littafi, ina ta rawar kai kamar sabon ɗan makaranta. Na ce ina son ki. Kika ɗaga hannuwan nan naki masu kama da tattabaru biyu za ki ba ni amsa, ni kuma kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai. Kafin in ɗago, kin shige ciki.

Wallahi ban san girman abin da na yi ba! Wane littafi ne ya gaya min cewa a wajen kurma, kawar da ido daidai yake da toshe kunne? Yayanki kafinta ne ya tausaya min. Ya ƙwace littafin ya tokare ƙafar benci da shi, ya zaunar da ni cikin abokansa kurame. Yanzu kullum in na tashi daga aiki, can nake. Sun yi min dariya har da hawaye, sun sa min suna Mai-neman-allura, wai idona ba ya barin ƙasa. Amma a wajensu na koyi taɓa kafaɗa kafin a fara zance, da yadda gira ke yin tambaya, da musu kan ƙwallo har a yi fushi a shirya. Jiya na yi barkwanci, yayanki ya yi dariyar gaske, ba ta tausayi ba.

To amma me zan yi da wannan duka in babu ke, sanyin zuciyata? Amsar da kika ba ni ta wuce a iska ban gan ta ba. Eh ce? A'a ce? Na tambayi yayanki, ya ce tunda ba shi ya faɗa ba, ba shi zai maimaita ba. Kewarki kuwa tana cina kamar gara a cikin katako.

Ki yi wa Allah ki sake faɗa min. Ko da a'a ce, zan tsaya in kalle ta tun daga farko har ki sauke hannu.

Naki ke kaɗai, har ranar da hannuwan nan za su daina motsi,
Masoyinki