Baba ya daina sa takalmi

Assalamu alaikum Yaya Kabiru,

Ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Ya Anti Maryam da yara? Mu nan Ƙofar Kwaya lafiya lau, ban da abin da ka jawo mana.

Tun da ka ce wa Baba wai gudu ba takalmi yana ƙarfafa ƙafa, ba mu huta ba. Ana idar da sallar asuba sai ya naɗe wando ya kama sassarfa a gefen titi, dattijo da furfurarsa.

Mutanen unguwa suka ɗauka sace masa takalmi ake yi a masallaci. Liman har wa'azi ya yi a kan ɓarayi! Yanzu kowa kawo mana silifa yake. Jiya maƙwabciyarmu Hajiya Ladi ta kawo sabo fil, ta ce, "Hadiza, duk 'ya'yan Alhaji a rasa mai saya masa takalmi?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na yi masa magana cewa ya yi, "Da muna kiwo wa ya san takalmi?" Abin haushin kuma, gwiwarsa ta yi sauƙi, har ya bar salla a kan kujera.

Don Allah ka aiko masa takalmi mara nauyin nan da ka ce kamar ba a sa komai ba, ko a ƙyale mu.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In za ka zo kada ka sayi silifa, buhu guda gare mu.

Ƙanwarka,
Hadiza