Kan Injin Motar Baba

Kumasi, Talata bayan Babbar Sallah

Ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Yaya Kano, yaya maigidanki da yara? Ƙafar taki da sauƙi?

Kin sani, tun da na gama koyon walda a makarantar koyon sana'a, 'yan gidanmu ba su taɓa yarda da hannuna ba. To, motar Baba da ta kai ki gidan miji, kan injinta ya tsage. Na ce wa ƙanenmu Sani, da ke haya da ita, ya kawo mini. Na gaya masa kan na alminiyam ne, sai an gasa shi a hankali kafin walda, sannan a binne shi cikin toka ya huce da kansa.

Ya ce, "Yaya, kai komai sai ka yi lacca. Fasinja na jirana."

Ya kai wa wani a unguwar Ayigya. Mutumin ya yi walda, ya kwara masa ruwa don sauri. Kan ya karkace, ya sake tsagewa. Irinsa kuwa ya ƙare a kasuwa.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Inna Lami.

Masu zuba tukwanen alminiyam sun sayi kan injin sun narkar, ko taɓa shi ban yi ba. Motar Baba ba za ta ƙara tashi ba.

Yayanki,
Ali